Zafi da ƙananan halittun tabki

Ƴan uwa manoma, masunta da makiyaya, ku ɗebo ruwan tabki cikin ƙwarya ku duba da kyau. Za ku ga ƙananan abubuwa suna motsi: tsutsar sauro, katantanwa, matsattsaku da ƙwarin ruwa. Dukansu ba su da ƙashi. Su ne abincin ƴaƴan kifi. Waɗansu kuma su ke kawo mana cuta.

Yadda jikinsu yake

Jikin mutum yana nan kan digiri 37, ko da ɗari ko da bazara. Su waɗannan halittu ba haka suke ba. Zafin ruwa shi ne zafin jikinsu. In ruwa ya yi sanyi, sai su lafa. In ya yi ɗumi, sai aikin jikinsu ya yi sauri: su yawaita ci, su yawaita numfashi, su girma da wuri. Masana sun auna: in zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10, aikin jikinsu yakan ninka wajen sau biyu.

Ga inda wuyar take. Cikin ruwa akwai iskar numfashi da ta narke, kamar sukari cikin shayi. Ruwan ɗumi ba ya riƙe ta da yawa. Lita guda mai digiri 20 tana riƙe wajen miligiram 9. In ta kai digiri 30, sai miligiram 7 da rabi. Ke nan baki ya ƙaru, tuwo ya ragu.

Tun shekarun 1970 zafi yake ƙaruwa a ƙasashen Sahel. Ruwa maras zurfi shi ne ke fara ɗaukar zafin: kududdufai, da bakin manyan tabkuna irin su Madarunfa, Tabalak da Gidimuni.

Abin da ya shafe mu

Sauro: cikin ruwan sanyi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana yin sati biyu ko uku. Cikin ruwan ɗumi sati guda zuwa kwana 10 ya isa. Ƙaramin kududdufi na damana yana iya cika gida da sauro kafin ya ƙafe.

Katantanwa: cikin jikinta ƙwayar tsargiya, wato fitsarin jini, take girma. Ɗumin ruwa yana gaggauta girmanta. Ƙwayoyin sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa. Zafi mai tsanani yana kashe katantanwa da yawa, amma waɗansu sukan shige laka su jira damana.

Kifi: da dare gansakuka da ƙwarin ruwa duk suna shan iskar nan. Da asuba ta kusa ƙarewa. Shi ya sa ake ganin karfasa a saman ruwa tana buɗe baki. Tarwaɗa tana jimrewa, don tana iya shaƙar iskar sama.

Abin da za mu yi

1. Mu bar itatuwan bakin tabki. Inuwa tana sanyaya ruwa.
2. Mu yashe tabki da rani, a aikin gayya. Ruwa mai zurfi ya fi daɗewa da sanyi.
3. Kada kashin dabbobi da shara su gangara cikin ruwa. Ruɓewarsu tana cinye iska.
4. Mu cike ramukan da ke kusa da gida, mu kwana cikin gidan sauro.
5. Mu hana yara wanka a tabki, balle da tsakar rana. Kada kowa ya yi fitsari cikin ruwa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa, a kai shi likita.
6. Masunta, ku leƙa tabki da asuba lokacin bazara. In kifi yana tasowa sama, ku rage shi tun bai mutu ba.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.