Wasan Ƙwallon Kwando na Jami'o'i a Cikin Talabijin: Kyawunsa da Illarsa

Mu 'yan ƙungiyar ƙwallon kwando ba a fili kaɗai muke haɗuwa da wannan wasa ba. Akwai wani tsohon kaset na injin Super Nintendo da muka sha zama a gabansa lokacin hutu, sunansa NCAA Basketball. Mun ga ya dace mu bayyana muku abin da muka gani a cikinsa, mai kyau da marar kyau.

Da farko, NCAA ita ce hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a ƙasar Amurka. A can ƙwallon kwando na ɗalibai ba ƙaramin abu ba ne. Kowace shekara a watan Maris akan yi babbar gasa ta sili-ɗaya-ƙwale, wato duk wanda aka ci sau ɗaya sai ya koma gida. A 1985 aka kai yawan ƙungiyoyin da suke shiga 64, a 2011 kuma aka mayar da su 68. Wannan gasa ce kamfanin Sculptured Software ya yi ƙoƙarin sakawa cikin kaset, kamfanin Nintendo kuma ya fitar da shi a shekarar 1992.

Babban abin da ya bambanta shi da sauran wasannin zamaninsa shi ne inda ake tsayar da mai wasa. Kafin zuwansa, yawancin wasannin ƙwallon kwando daga gefe suke nuna fili, kamar mutum yana zaune a benci yana kallo. Shi kuwa wannan, a bayan mai riƙe da ƙwallo yake ajiye ka. Kwando yana can gabanka, mai tsaron ka ya tare hanya, abokanka sun bazu dama da hagu. In ka juya, fili duka ya juya tare da kai. Dabarar da ke yin haka ana kiranta Mode 7. Aikinta shi ne ta ɗauki hoto shimfiɗaɗɗe guda ɗaya, ta juya shi, ta ƙara masa girma ko ta rage, har ido ya ɗauka akwai nisa da kusa. Da ita aka yi hanyoyin tseren mota a F-Zero da Super Mario Kart.

To, mene ne amfanin wannan ga ɗan wasa? Amfaninsa shi ne yana tilasta maka ka ɗaga kai. Duk wanda ya taɓa shiga fili ya san cewa cutar sabon shiga ita ce kallon ƙwallo a ƙasa yana buga ta, abokinsa na tsaye shi kaɗai ƙarƙashin kwando yana ɗaga hannu har ya gaji. A wannan kaset akwai alama a saman kan kowane abokin wasanka. In ta yi kore, hanya a buɗe take. In ta yi rawaya, sai a yi hattara. In ta yi ja, kada ka kuskura, don za a tare ƙwallon. Bayan kwana biyu sai mutum ya ga idonsa ya saba da neman wanda ba a tsare ba kafin ya yi tunanin jifa. Haka nan ana iya sauya tsarin tsaron gida, ko kowa ya kama mutuminsa, ko kuma kowa ya tsare yankinsa. Wasu daga cikinmu sai a nan suka fara gane dalilin da ya sa mai horarwa yake ta ihu a daina bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba.

Amma wannan dabara da ta ɗaukaka shi, ita ce kuma ta kawo babbar illarsa. Injin hoto ɗaya tak yake iya juyawa ta wannan hanya, kuma fili ya riga ya cinye shi. Saboda haka babu 'yan kallo, babu benci, babu bango. Fili ne kawai yana shawagi a cikin shuɗin sarari, kamar tabarma a kan ruwa. Ga wanda ya san wasan jami'o'in Amurka, wannan rashi ne babba, domin ɗalibai masu ihu da makaɗan makaranta su ne gishirin abin. A kaset ɗin kuwa, da ka je gidan Duke da ka je gidan Kansas, bambancin bai wuce launin fili da na riga ba.

Akwai kuma jiri. Duk lokacin da aka ƙwace ƙwallo, fili yakan yi wata irin juyawa, kafin ka gane ina gabas ina yamma an riga an kai kwandonka. Abin ya fi muni in mutum biyu ne suke karawa, don hoton mai riƙe da ƙwallo yake bi, mai tsaro kuwa sai ya ɓata neman ɗan wasansa. Mun sha yin gardama a kan wannan.

Ƙungiyoyin ma ba su cika ba. Rukuni biyar kaɗai aka saka: ACC, Big East, SEC, Big Eight da Southwest. Mun ji daɗin samun Jami'ar Houston a ciki, inda Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi wasa har suka kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Sai dai babu rukunin Big Ten, ke nan babu Michigan, alhali ita ce ta kara da Duke a wasan ƙarshe na 1992, shekarar da kaset ɗin ya fito. Babu UCLA, babu UNLV da ta ɗauki kofi a 1990. Biyu daga cikin rukunan nan ma, Big Eight da Southwest, sun watse tun 1996.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sunayen 'yan wasa. Makarantun na gaske ne, amma sunayen duk ƙirƙira ne. Dalili kuwa, dokar NCAA ta lokacin ta hana ɗalibi cin kuɗi da sunansa ko hotonsa. Kamfanonin da suka biyo baya sai suka riƙa yin wayo: su bar suna, amma su saka lambar rigar mutum, da tsawonsa, da kamanninsa. A 2009 Ed O'Bannon, wanda ya ɗauki kofi da UCLA a 1995, ya kai ƙara kotu bayan ya ga siffarsa a wani wasan kamfanin EA ba tare da an nemi izninsa ko an biya shi ba. A wannan shekarar ce kamfanin ya fitar da NCAA Basketball 10, wanda daga shi aka dakatar da jerin. Sai a watan Yuli na 2021 NCAA ta yarda ɗalibai su ci moriyar sunansu. Masu kaset ɗin 1992 dai ba su ɗauki sunan kowa ba, shi ya sa idan muka zaɓi Duke, sai mu riƙa laƙaba wa dogon cikinsu sunan Christian Laettner da kanmu.