Ciwon Giya Mai Canza Kanta

Bayan haka, giya mai canza kanta da ƙarfin mai take aiki. Idan mota ta yi jinkirin shiga giya, ko inji yana ruri ba ta ja, kada mai ita ya yarda a kwance giyabos tukuna. A fara duba man giya. In ja ne garau amma ya ragu, a toshe yoyo, a cika. Amma in ya yi baƙi, yana ƙauri, ga garin ƙarfe a cikinsa, to faifan kuloci sun cinye, sai kwancewa. Nan mai hankali zai auna kuɗin gyara da darajar motar. In sayarwa ya zaɓa, wajibi ne ya bayyana aibinta, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne. Allah ya sa a dace.