Batirin da ke aiki da tsatsa: ina aka kwana?

Duk mai amfani da hasken rana a Damagaram ko Njamena ya san inda matsalar take: da rana lantarki a wadace, da dare kuwa sai abin da batiri ya riƙe. Shi ya sa masu bincike suka koma ga wani tsohon tunani, wato batirin ƙarfe da iska.

Irin wannan batiri ba ya ɗauke da dukkan sinadaransa a ciki. Ɓangare ɗaya ƙarfe ne, ko tutiya, ko litiyom. Ɗayan kuma iskar oksijin ce da yake zuƙa daga waje. Ƙananan batiran na'urar taimaka wa ji na tutiya da iska ne, sai dai in sun ƙare jefarwa ake yi. Wahalar ita ce a samu wanda za a riƙa yi wa caji.

Kamfanin Form Energy na Amurka, wanda aka kafa a 2017, ya zaɓi ƙarfe. Idan batirin yana ba da wuta, ƙarfen yana yin tsatsa. Idan an sa masa caji, tsatsar ta koma ƙarfe, oksijin ya fita. Kamfanin ya gina masana'anta a Weirton, jihar West Virginia, kuma ya ce batirinsa na iya ba da wuta har awa 100. Ƙarfe yana da arha, ruwan da ke cikin batirin kuma ba ya kama wuta.

Amma akwai asara. Kusan rabin wutar da aka zuba ba ta dawowa, alhali batirin litiyom na yau yana maido da mafi yawanta. Ga nauyi da girma, don haka ba na waya ko mota ba ne, na tashar lantarki ne.

Na tutiya kuwa, wajen caji yakan tsiro da wasu ƙananan tsinkaye da ke huda cikinsa. Iskar kabon tana toshe ƙofofin shaƙarsa, zafi da bushewa kuma suna ƙafar da ruwansa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya fi shafar yankinmu, inda hunturu ke zuwa da ƙura, bazara da tsananin zafi. Na litiyom da iska, wanda aka fara gwada mai caji a 1996, har yanzu bai bar ɗakin bincike ba.