Mota ta mutu a hanya: a fara bin sawun mai

Tsakanin Maradi da Damagaram, musamman a zafin watan Afrilu, ba a rasa ganin tsohuwar Peugeot 504 a gefen hanya, fasinjoji na neman inuwa. Motar, wadda ta fito tun 1968, tana da ƙwari, amma tsufa na taɓa hanyar manta. Alamar ba ta ɓuya: inji ya riƙa shaƙewa wajen hawa, ya mutu, bayan ya huce kuma ya tashi.

Gwanin makanike ba ya gaggawar sayen kaya. Yakan cire tiyon da ke shiga karbureta, ya sa bakinsa cikin kwalba, nesa da wuta, a murza makulli. In mai ya tunkuɗo da ƙarfi, sai a duba karbureta ko buji. In ɗigowa yake, matsalar tana baya.

Daga nan sai matatar mai, wadda tsatsar tanki da dattin man kwalba na bakin titi ke toshewa. Sai murfin tanki: in an buɗe ya ja iska, ƙofar numfashinsa ta toshe. Sai famfo: in fatarsa ta yage, mai kan gangara cikin baƙin mai, har a ji warinsa. Nan dole a tsaya, don inji na iya lalacewa. Tsananin zafi ma kan mai da mai tururi cikin tiyo, famfo ya kasa jansa.

Ga ɗan kasuwa mai kaya ko ma'aikaci mai jiran albashi, kuɗin matata bai kai na janyo mota daga Tasawa ba.