Caca Ta Bar Shago Ta Koma Aljihu

A watan Oktoba na 2024 hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo kusan 30 a birnin Kano. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, hukuncin ya ƙara wa hukuma ƙarfi. Sai dai kwaɗo a ƙofar shago ba zai kai ga matashin Rano ko Kibiya ba, domin shi ba ya buƙatar shago. Waya, ɗan data da asusun OPay ko PalmPay sun ishe shi ya shiga SportyBet ko Bet9ja, kuma daga cacar ƙwallo zuwa ta karta dannawa ɗaya ce.

Dalilan yaɗuwarta ba ɓoyayyu ba ne. Yankin na manoma ne: kuɗi na shigowa da kaka idan an sayar da gyaɗa da dawa, sannan rani ya biyo da watannin zaman banza. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ta sa ƙaramar sana'a ba ta riƙe gida, sai samun dare ɗaya ya fara kama da mafita. Babban abin da waya ta kawar kuwa shi ne kunya. A da 'yan karta a bayan gari suke laɓewa, dattijo ya ɓullo su watse. Yau yaro na zaune a zauren mahaifinsa yana cinye kuɗin taki ba wanda ya sani.

Masu kare kartar poker suna cewa gwaninta ce, ba sa'a ba, tunda da mutane ake karawa. Akwai gwaninta, amma a duba yadda gidan caca ke cin riba: yana yankar kasonsa daga kuɗin da aka tara a tebur, ko wa ya ci. Idan aka haɗa 'yan wasan duka, kullum asara suke yi, kuma ribar ƙwararru daga aljihun sababbin shiga take fitowa. Ɗan Kibiya da ya koyi wasan jiya shi ne abincinsu.

Wasu kuma na cewa intanet ba ta tsaruwa. Amurka ta nuna inda maƙogwaron yake. A 2006 ta haramta wa kamfanonin caca karɓar kuɗin cacar intanet da ta saɓa doka ta hanyar bankuna, a ranar 15 ga Afrilu 2011 kuma ta ƙwace shafukan PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Nan aka gano Full Tilt ba shi da isassun kuɗin biyan masu ajiya. Hanyar kuɗi ce abin tarewa, ita kuwa tana hannun Babban Bankin Najeriya, don haka dole gwamnatin Kano ta nemi haɗin kansa. Sauran aikin na gida ne: Masarautar Rano, hakimai da limamai su maido da idon jama'a kan abin da waya ta ɓoye, a kuma faɗaɗa noman rani irin na Kadawa da ruwan Tiga ke shayarwa. Matashin da ke da tumatir a fadama a watan Fabrairu yana da abin da yake jira wanda ya fi fitowar kati.