Daga Shikago Zuwa Bakin Teku: Abin Da Keke Ya Nuna Mini

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su faɗa mana irin abin hawan da ya fi buɗe ilimin ba. Mota tana cinye nisa, sai dai tana rufe matafiyi cikin gilashi, ya ga ƙasa bai ji muryar masu ita ba. Na tabbatar da haka a kan tsohuwar hanyar nan ta Amurka mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926, ta tashi daga birnin Shikago ta ratsa jihohi 8, tsawon kusan kilomita 3,900, ta tuƙe a Santa Monika, bakin tekun Fasifik. A 1985 aka cire ta daga jerin manyan hanyoyin tarayya, amma har yau masu yawon buɗe ido na bin ragowarta.

Kwana goma muka yi a kanta ni da wani abokin aiki. Da yake nazarin harshe ne sana'ata, allunan gefen hanya suka zame mini littafi. Sunan Shikago daga harshen 'yan asalin ƙasar ya fito, yana nufin wata irin albasar daji. Okalahoma kalma ce ta harshen Cokto, ma'anarta jajayen mutane. Amarillo da ke Tekzas kuwa Sifaniyanci ne, wato rawaya. Kowane suna shaida ne na al'ummar da ta riga zama a wurin, ko da an kore ta. Sai dai duk wannan a rubuce na gani. Daga gidan mai sai masauki, kunnena bai samu rabonsa ba.

Da muka isa Santa Monika muka ajiye mota, muka ɗauki hayar kekuna kusa da tsohuwar gadar da ta kutsa cikin teku, wadda aka buɗe tun 1909. Ta ƙarƙashinta wata siririyar hanyar siminti ta wuce, mai tsawon kilomita 35, an shimfiɗa ta a kan rairayi domin masu keke, an kuma sa mata sunan Marvin Braude, wani kansilan birnin Los Anjalis da ya daɗe yana fafutikar samar da ita. Muka nausa kudu, teku a hannun dama, muka ratsa unguwar Benis mai cike da makaɗa da masu zane, muka zagaye mashigar jiragen ruwa, muka bi ta inda jiragen sama ke tashi bisa kawunanmu.

A nan ne kunnena ya buɗe. Cikin sa'a biyu na ji Sifaniyanci da Farisanci da Koriyanci da Tagalog, ban da Ingilishi iri-iri. Ga lebura da iyalinsa sun shimfiɗa tabarma, ga attajiri a kan keken da kuɗinsa zai sayi mota, duk a hanya guda, kowa na kauce wa kowa. Mai keke yana tafiya daidai da saurin magana: yana jin gaisuwa, yana iya mayarwa.

Mai karatu zai iya zaton wannan haɗuwa dace ce kawai. Doka ce ta haife ta. A 1972 masu jefa ƙuri'a na jihar Kalifoniya suka amince da ƙudurin kare gaɓar teku, sannan a 1976 majalisar jihar ta kafa dokar da ta tabbatar da hukumar kula da gaɓar. A ƙa'ida, rairayin da igiyar ruwa ke jiƙawa mallakar jama'a ne, ko fadar wa ke bayansa. Masu hannu da shuni, musamman a Malibu, sun sha ƙoƙarin toshe hanyoyin shiga, an kuma sha kai ruwa rana da su a kotu. Hakkin da ba a tsare shi ba, ɓacewa yake yi.

Wannan ne ya sa na tuna gida. Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyar birni, amma ina magidanci zai bi da 'ya'yansa a kan keke da yamma ba tare da ya ci karo da katangar wani ko juji ba? Mun kuma mai da keke alamar talauci, har malamin makaranta na jin nauyin a gan shi a kai, alhali iyayenmu da shi suka yi fatauci da neman ilimi. Mu da muka yi boko, mu ne ke zaune a ofisoshin tsara birane da rabon filaye. Kafin a sa hannu a kan takardar fili na gaba a bakin ruwa, ya kamata a tambaya: ina aka bar wa talaka da kekensa? Allah Ya sa mu gane.