Gawayin Gona da Sirrin Kufai

 Yau zancen na ƙasar noma ne, da wani baƙin abu da masana ke cewa a binne mata.

Manomin da ya gaji gona a kan kufai ya riga masanan sanin rabin labarin. Wuri ne da mutane suka taɓa zama, suka tuƙa tuwo, suka zubar da toka da shara, suka ɗaure awaki, daga baya suka tashi. Shekaru sun shuɗe, gini ya zube ya zama tudu, amma da damina ta kankama, dawar wurin ta fi ta ko'ina duhun ganye, zangarniya kamar za ta karya kara. Taku ashirin daga nan kuwa jigawa ce fara fat, gero na miƙewa da ƙyar. Ruwa ɗaya ya sauka musu, iri ɗaya aka shuka, hannu ɗaya ya yi noman. Sai an kafa fartanya ake ganin bambancin: ƙasar kufai baƙa ce, cike da tsingaro da guntayen ƙashi da ɓarɓashin gawayi.

Irin wannan baƙar ƙasa ce ta wanke wani limamin Kirista daga zargin ƙarya, bayan ya daɗe a kabari. A shekarar 1542 wani ɗan Sifaniya mai suna Francisco de Orellana ya bi kogin Amazon da jirgin ruwa har bakin teku. Limamin da ke cikin tawagar, Gaspar de Carvajal, ya rubuta cewa sun ga garuruwa jere a bakin kogin, cike da jama'a da abinci. Waɗanda suka zo daga baya ba su tarar da komai ba sai daji, domin cututtukan da Turawa suka shigo da su sun ƙarar da mutanen. Aka ce limamin ya zuƙa ta malle. Hujjar masu ƙaryatawa ma tana da ƙarfi, don ƙasar dajin Amazon ja ce ko rawaya, ga tsami, ga ruwan sama da ke wanke mata abinci kullum. Idan aka sare dajin aka shuka, shekara biyu zuwa uku ta gaji. Ina za ta ciyar da manyan garuruwa?

Amma a nan da can, musamman wajajen Manaus da Santarém a Brazil, akwai filaye masu ƙasa baƙa wuluk, wani wurin zurfinta ya kai mita biyu. Mutanen yankin na kiranta terra preta, wato baƙar ƙasa da harshen Fotugal. Wani masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya yi bayaninta a littafinsa na 1966, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana jan hankalin duniya gare ta. Da aka tona, abin da aka samu shi ne abin da ke cikin kufai: fasassun tukwane, ƙayar kifi, ƙasusuwa, toka, da gawayi mai ɗimbin yawa. Mutane ne suka gina wannan ƙasa da hannunsu, wata ta haura shekara dubu, kuma har yau tana ba da amfani. Akwai ma masu haƙarta suna sayar wa masu lambu.

Ba sai an ƙetara teku ba. A 2016 masana daga jami'ar Cornell ta Amurka da ta Sussex a Ingila da abokan aikinsu na Ghana suka fitar da sakamakon binciken wurare 150 a arewa maso yammacin Laberiya da 27 a Ghana. Sun tarar da baƙar ƙasa a kewayen ƙauyuka, wata ta yi shekara ɗari bakwai ana tara ta, kuma sinadarin kabon da ke cikinta ya fi na gonakin da ke kusa da kashi 200 zuwa 300 cikin ɗari. Wa ya yi aikin? Galibi mata ne, masu kwashe murhu da safe su zubar a bayan gida.

Daga nan aka samo abin da masana ke kira bayoca, wanda a Hausance ya fi dacewa a ce masa gawayin gona. Ana samunsa ne idan aka gasa tarkacen tsiro da zafi mai tsanani, tsakanin digiri 300 zuwa 700, a inda iska ba ta shiga sosai. Da iska ta wadata, da komai ya cinye ya zama toka. Da yake an shaƙe wutar, sai ruwa da hayaƙi su fice, a bar ƙwarangwal ɗin tsiron, baƙi, marar nauyi, duk jikinsa ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, kamar saƙar zuma. Cikin ƙofofin nan ruwa ke maƙalewa. A jikinsu abincin shuka ke mannewa maimakon ya zurare ƙasa da ruwan sama na farko. Nan ne kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su mai da shi abinci ke samun mafaka. Kuma ga taurin kai: kashin shanu a zafin ƙasar Hausa damina ɗaya ko biyu ya narke, gara ta yi gaba da saura, amma gawayi na iya kwana ɗaruruwan shekaru a gona.

To, a nan ne masu tallar abin kan yi tuya su manta da albasa. Gawayi ba taki ba ne. Rumbu ne, kuma rumbun da ba a zuba masa hatsi ba bai taɓa raba kowa da yunwa ba. Wanda ya kwaso sabon gawayi ya watsa a gona haka nan, yana iya ganin masararsa ta yi rawaya a daminar farko, domin gawayin da ƙananan halittun da suka taru a kansa za su fara riƙe ɗan sinadarin naitirojin da ke wurin, shuka ta tashi a tutar babu. Shi ya sa ake cika shi tukuna. A dandaƙa shi, a cuɗa da takin gargajiya a juji, ko a shimfiɗa a turke da garke da akurkin kaji ya sha fitsari da kashi na wasu makonni. Ribar ta zama biyu, don warin turken ma yakan ragu. Aikin rani ne wannan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani gwaji da aka yi a Nepal, aka wallafa a 2015, ya nuna girman wannan bambanci. An shuka kabewa, wasu ramuka aka zuba musu fitsarin shanu kawai, wasu gawayi kawai, wasu kuma gawayin da ya jiƙu da fitsarin, duk tare da takin gargajiya. Kabewar da ta samu gawayi mai fitsari ta ninka ta fitsari zalla sau huɗu. Gawayin da aka yi amfani da shi bai kai tan ɗaya a hekta ba, sai dai a gindin shuka aka sa shi.

Kada a ɗauka kowace gona haka za ta yi. A 2017 wani masani mai suna Simon Jeffery da abokan aikinsa suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa daga sassan duniya. A ƙasashe masu zafi, amfanin gona ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari. A ƙasashe masu sanyi irin na Turai, kusan babu wani canji. Dalilin a fili yake: gawayi na kashe tsamin ƙasa, kuma ya fi taimakon ƙasar da ba ta iya riƙe ruwa da abinci. Ƙasar da ta ƙoshi ba ta bukatarsa, mai kanwa-kanwa kuwa yana iya ƙara mata ciwo. Jigawar Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram tana cikin masu bukata. Yashi ne mafi yawanta, ruɓaɓɓen tsiron da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga kuma yuriya da ake zuba mata shekara da shekaru tana ƙara mata tsami. A Ejura ta ƙasar Ghana an auna masarar da aka shuka a tsofaffin wuraren ƙona gawayi, aka ga ta kusa ninka ta gefenta.

Manoman kewayen Kano ba baƙin ciyar da ƙasa ba ne. Michael Mortimore, Baturen da ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano, ya rubuta yadda ake noma gonakin nan kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba, saboda jakuna da ke shiga birni da itace su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Ga kuma tsohuwar yarjejeniya da Fulani, shanu su kwana a gona bayan girbi, makiyayi ya samu kara da hatsi, manomi ya samu taki. Abin da gawayi zai ƙara a kan wannan shi ne ya hana wahalar zurarewa. Buhun takin zamani ya yi tsadar da ba a son ko ƙwaya ta salwanta. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba.

Babbar matsalar ita ce yawa. Gwaje-gwajen farko da dama tan goma ko ashirin suke zubawa a hekta, alhali sai an gasa wajen kilo huɗu na busasshen tarkace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Wane ƙaramin manomi ne zai iya? Mafitar tana wajen mutanen Tawa da Illela a Nijar, masu haƙa tassa, da kuma marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya farfaɗo da fako da ramukan zai har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Su ba sa ciyar da fili gaba ɗaya, rami suke ciyarwa. Idan hekta na da ramin shuka dubu goma, kowanne ya samu giram ɗari, tan ɗaya ke nan. Mai lambun tumatir ko albasa a fadama ma ƙasa da haka zai fara da shi, kwami ɗaya ko biyu, ya bar na kusa babu don ido ya yi alƙalanci.

Sai tambayar da ta fi kowace zafi: me za a ƙona? Idan amsar ita ce itace, to an yi ba a yi ba. Buhunan gawayin da ke jere a bakin manyan hanyoyi sun isa shaida kan abin da dazuzzuka ke gani. Wanda ya sare gawo don ya gyara gona ya kashe mai ba shi taki kyauta, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka raya sassabe tun daga shekarun 1980 har suka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 ba za su yafe wannan ba. Karan dawa da na gero ma da masu shi: dabbobi na jira, darni na jira, murhu na jira. Abin da ya rage shi ne wanda ba mai so. Totuwar masara. Ɓawon gyaɗa. Buntun shinkafa da ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa a Kura da Haɗeja da Argungu, wani lokaci a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana turnuƙe unguwa. A Japan buntun nan ne ake gasawa tun zamanin kakanni, suna ce masa kuntan, suna zuba shi a wurin renon iri. Ga kuma kacalla, ciyawar da ta toshe magudanan ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ta hana noma da su. A kwarin kogin Senegal, inda ita ma ta addabe su, tuni mutanen Muritaniya da Senegal suka fara mai da ita gawayi.

Yin gawayin gona ba ya bukatar inji. A 2014 Hans-Peter Schmidt na cibiyar Ithaka a Suwizalan da abokin aikinsa Paul Taylor suka yaɗa wata dabara da suka sa wa suna Kon-Tiki. Rami ne ake haƙawa mai siffar akushi, baki da faɗi, gindi a tsuke. A hura wuta a ƙasa da ƙirare. Idan ta kama, a shimfiɗa busasshiyar totuwa ko kara sama-sama. Da zarar farar toka ta fara bayyana a kai, a ƙara wani shimfiɗin. Harshen wutar da ke sama shi ke cinye hayaƙin, shi ne kuma murfin da ke hana iska isa ga na ƙasa. Hayaƙi mai kauri alama ce ta an zuba da yawa ko kayan da danshi. Idan rami ya cika, a kashe da ruwa sosai, ko a rufe da ƙasa a danne har ya huce, in ba haka ba gari na wayewa toka za a tarar. A nisanta ramin da danga da rumbu, a kuma guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa.

Buntu shi ba ya son rami, don yakan shaƙe wutar. Nasa sai a samu gwangwani babba a huda masa jiki, a kafa masa bututun hayaƙi, a hura wuta a ciki, a tara buntun a kewaye kamar tsibin gyaɗa. Baƙin zai riƙa cin tsibin daga ciki zuwa waje, mai aikin na jan na gefe yana rufe inda ya fara ƙonewa. Idan duka ya yi baƙi, a baje a yayyafa ruwa. Mai kyau ba ya wari, ba ya barin maiƙo a hannu, kuma idan aka murza shi tsakanin yatsu sai ya ruguje.